Tsaba kaɗai za ta riƙe kajin gida?

Tambaya daga wata mai kiwo a Funtuwa: "Assalamu alaikum Malam. Ina da kajin Hausa 15 da ke yawo a tsakar gida da bayan gida, sannan ina da leyas 20 a keji. Da abincin buhu ya yi tsada sai na koma ba su rabi, ina cike sauran da dawa da masara tunda muna da su a rumbu. Yanzu ƙwai ya ragu sosai, wani ma da ɓawo mai laushi yake fitowa, kuma sun fara fizgar gashin juna. Kajin Hausar kuwa tsaba kaɗai nake watsa musu safe da yamma. Tsabar ce ta jawo? Kuma nawa ya kamata in riƙa ba su?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa kiwon albarka. E, tsabar ce ta taɓa leyas ɗinki, amma ba don dawa ko masara suna da wata illa ba. Tsabar ta ture abincin da ke yin ƙwai ne ta zauna a gurbinsa. Kajin Hausar kuwa hukuncinsu daban ne, domin su ba a hannunki kaɗai suke ci ba. Duk wanda ya tambaye ni ko tsaba ta isa kaza, abin da nake fara son ji shi ne: ban da tsabar, me kazar take samu? Amsar wannan ita ce ta raba kajinki gida biyu.

Tsaba abincin ƙarfi ce. Yawancin abin da ke cikin ƙwayar masara ko dawa sitaci ne, shi ke ba kaza kuzarin yawo da ɗumin jiki, abin da ya yi rara kuma ya koma kitse. Furotin, wanda ke gina tsoka da gashi da farin ƙwai, kaɗan ne a cikinta: masara kashi 8 zuwa 9 cikin 100, dawa 9 zuwa 11, gero 11 zuwa 12. Kazar da ake so ta riƙa ƙwai kusan kullum tana bukatar kashi 16 zuwa 18. Ɗan furotin ɗin da ke cikin hatsi ma bai cika ba, domin yana da ƙarancin wasu sinadarai biyu, layisin da metiyonin, kuma in suka gaza jikin kaza ba ya iya morar sauran. Tuwo ne babu miya, ciki zai cika amma jiki ba zai samu ba. Fizgar gashin da kika gani daga nan take fitowa, tunda gashin kaza kusan dukkansa furotin ne, kazar da ta rasa shi a kwano sai ta neme shi a bayan 'yar uwarta.

Inda abin ya fi muni shi ne kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai. Ɓawon ƙwai ɗaya na leya yana ɗauke da kusan giram 2 na kalsiyam, kuma ba duk wanda kaza ta ci ne ke shiga jininta ba, saboda haka sai ta ci kusan giram 4 a rana kafin ta iya yin ɓawo mai ƙwari. Shi ya sa abincin leyas na buhu ake zuba masa kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin 100. Masara da dawa da gero kuwa abin da ke cikinsu bai kai ko kashi 0.1 ba, kusan babu ke nan. To yi lissafi da ni. Idan abincin buhunki yana da furotin kashi 16.5, kika haɗa shi rabi da rabi da masara mai kashi 9, abin da kajin ke ci ya dawo ƙasa da kashi 13. Kalsiyam kuma ya faɗo daga 3.6 zuwa wajen 1.8. Wannan in sun cinye komai daidai ke nan, alhali kaza ba ta cin abinci haka. Tsaya gefen kwanon gobe da safe ki kalla: bakinta kan manyan ƙwayoyi yake fara sauka, tana watsa garin gefe da gefe tana tsince masarar, sai ta ƙoshi ta bar garin a ƙasan kwano. Garin nan da ta bari shi ne mai bitamin da kalsiyam da layisin. Manyan kaji masu ƙarfi su suke riga kowa kwashe tsabar, saboda haka a keji ɗaya za ki samu wata ta yi kitse ta daina ƙwai, wata kuma ta rame.

Ƙwai yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya kammala a cikin kaza, kuma mafi yawan lokacin nan wajen yin ɓawo yake tafiya, galibi da dare lokacin da ba ta cin komai. Idan babu kalsiyam a hanjinta a daren, daga ƙashin jikinta take ciro shi. Za ta jure haka na ɗan lokaci, daga nan ɓawo ya fara laushi, ƙwai ya fara fashewa a ƙarƙashinta, su koyi shan ƙwai, wata kuma ki wayi gari ki tarar ta kasa tsayuwa da ƙafafunta. Wannan matakin ne ba na so kajinki su kai.

Abin da za ki yi wa leyas ɗin daga yau: ki mayar da su kan abincin buhu zalla. Leya ɗaya tana cin giram 110 zuwa 120 a rana, kaji 20 ke nan kilo 2 da ɗan ɗori, buhu mai kilo 25 zai kai ki kwana 10 zuwa 11. Ki ajiye musu wani ƙaramin kwano daban da ɓarzajjen dutsen farar ƙasa ko ɓawon kawa irin wanda masu sayar da kayan abincin kaji ke aunarwa, mai tsakuwa-tsakuwa ba gari ba, domin mai tsakuwar ya fi daɗewa a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare. Wadda ke bukata za ta ci da kanta. Ɓawo kan gyaru cikin mako ɗaya zuwa biyu, yawan ƙwai kuwa ya fi jinkirin dawowa, ki ba shi mako uku zuwa huɗu. Idan kuma kika ga laushin ɓawon yana tare da mura, ko minshari, ko koren kashi, ko murɗewar wuya, to zancen ya wuce na abinci, ki nemi likitan dabbobi ba tare da jinkiri ba.

Tsaba ga kazar da ke cin cikakken abinci ba a so ta wuce kashi 10 cikin 100 na abin da take ci a rana. Ga leya ɗaya cokalin cin abinci guda ke nan, ga kajinki 20 kuma gwangwanin madara biyu a shafe, ba a tula ba. A ba su da la'asar sakaliya bayan sun cinye abincinsu na ainihi, a watsa a cikin shimfiɗar ɗakin in a ƙasa suke, su tona su juya ta. Amfanin hakan shi ne yana ɗauke musu hankali daga caccakar juna, kuma shimfiɗar tana bushewa. Amma har sai ƙwai ya dawo daidai, ni dai zan ce ki dakatar da ita gaba ɗaya.

Na san ba da gangan kika rage abincin ba, tsadar ce, kuma kusan kowa da ke da leyas a gida ya sha wannan matsin. Sai dai tsinka abinci da tsaba asara ce mai kama da tattali: kuɗin buhu ya ragu da rabi, ƙwai kuma ya faɗi fiye da haka. Idan aljihu ba zai ɗauki kaji 20 ba, gara ki duba waɗanda suka daina ƙwai ki sayar. Gane su ba wuya. Mai yin ƙwai zankonta ja ne mai laushi da ɗumi, kuma in kika sa yatsu tsakanin ƙasusuwan nan biyu na gefen duburarta, yatsu biyu zuwa uku za su shige. Wadda ta daina zankonta ya yamutse ya koɗe, ƙasusuwan sun matse, yatsa ɗaya ne kawai zai shiga. Kaji 12 masu cin cikakken abinci sun fi kaji 20 masu cin rabi kawo kuɗi.

Tunda kuma kina da hatsi a rumbu, akwai hanyar da za ki more shi ba tare da kin cutar da su ba, wato ki haɗa abincin da kanki. Ana sayar da haɗin da ake kira konsantiret, wanda aka tara furotin da bitamin da sauran sinadarai a cikinsa don a gauraya da ɓarzajjiyar masara da dusa, awon yana rubuce a jikin buhun, a bi shi yadda yake. Wanda kuma zai haɗa tun daga tushe, a kilo 100 yakan sa masara ko dawa wajen kilo 50, tunkuzar waken soya ko ta gyaɗa kilo 24, dusar alkama kilo 15, farar ƙasa kilo 8, garin ƙashi kilo 2 da rabi, sauran ɗan abin da ya rage kuma gishiri ne da haɗin bitamin na leyas da layisin da metiyonin. Kin ga a nan ma rabin abincin hatsi ne. Bambancinsa da abin da kika yi shi ne ɗaya rabin an zaɓo shi ne musamman don ya toshe abin da hatsin ya rasa, kuma an ɓarza komai ya zama kusan girma ɗaya yadda kaza ba za ta iya zaɓe ba.

Yanzu kajin Hausa. A nan ne mutane da yawa masu karatun kiwo suke wuce gona da iri, su ce wa matan gida tsaba ba abinci ba ce. Ga kazar da ke yawo, tsaba abinci ce mai muhimmanci, wani lokaci ma ita ce abin da ta fi rasa. Kazar Hausa tana kwasar furotin ɗinta a juji da gindin katanga da turken dabbobi: gara, tsutsa, fara, kiyashi, ɗanyar ciyawa, 'ya'yan ciyayi. Tana tsintar tsakuwa da gutsattsarin ƙashi da ɓawon katantanwa. Kuma ba a ɗora mata nauyin da aka ɗora wa leya ba. Takan yi ƙwai 10 zuwa 15 ta kwanta a kai kwana 21, ta yi renon 'ya'yanta, sannan ta sake, sau uku ko huɗu a shekara, jimla ƙwai 40 zuwa 60. Leya kuwa an ƙirƙiro ta ne ta yi ƙwai fiye da 250 a shekara. Ko Shika Brown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta fitar don ta dace da yanayin ƙasar nan, ba za ta yi abin da aka san ta da shi a kan tsaba ba. Kajin da ake kira Noiler, masu ba da nama da ƙwai, da makamantansu suna tsakanin kazar Hausa da leya: suna iya kiwo a waje, amma jikinsu ya fi na kazar Hausa girma da ci, sai an haɗa musu da abincin buhu.

Awon da nake ba masu kajin yawo shi ne giram 30 zuwa 40 ga kowace babbar kaza a rana, kimanin cikin tafin hannu guda. Kajinki 15 ke nan wajen rabin kilo, gwangwanin madara huɗu zuwa biyar. Amma wannan awon tafiya yake da lokaci. Da kaka, lokacin da ake sussuka da shiƙa, hatsi na zube ko'ina, ki rage ko ki daina, a lokacin furotin da kalsiyam suka fi bukata. Da damina ƙwari da ciyawa sun wadata, tsabar ce ke ƙaranci saboda rumbu ya yi ƙasa, to a nan ɗan abin da kika watsa yana da babban tasiri. Sai dai in an kulle su don kada su tone shuka, daga ranar da aka kulle su sun zama kamar kajin keji, komai sai an kawo musu. Lokacin da ya fi tsanani shi ne daga tsakiyar rani zuwa bazara, ƙasa ta bushe ƙurmus, babu ƙwaro babu kore. A watannin nan tsaba kaɗai ba za ta riƙe su ba ko da kin ninka ta.

Yawan kajin ma yana cikin lissafi. Abin da ke bayan gidanki na ƙwari da ciyawa yana da iyaka, kuma kajin maƙwabta na ci a ciki. Filin da ya ƙosar da kaji 8 ba zai ƙosar da 30 ba. Shi ya sa za ki ga gida ya tara kaji da yawa amma kullum 'yan tsaki na mutuwa, adadin ya ƙi gaba.

Hanyar da ta fi kowane awo gaskiya ita ce ki tambayi kazar da hannunki. Bayan magariba, in sun shiga akurki sun natsu, ki ɗauko biyu ko uku ki shafa gindin wuyansu ta ɓangaren dama, inda jakar da abinci ke fara taruwa take. Idan kika ji ta cika tam, kina jin ƙwayoyin hatsi da ɗan laushin ciyawa a ƙarƙashin yatsunki, kazar ta samu. Idan kika ji ta a saɓe, ba komai sai fata, ta kwana da yunwa, ki ƙara. Sannan ki shafa ƙashin ƙirjinta. In ya fito da kaifi babu tsoka gefe da gefe, ramewa ce. In kuma da ƙyar kike jin sa, ƙasan cikinta ya yi tauri da kitse, tsabar ta yi yawa, kuma kaza mai kitse ƙwanta raguwa yake, wata ma hantarta kan yi kitse ta fashe ta mutu farat ɗaya a lokacin zafi.

Game da safe da yamma da kike ba su, zan so ki karkatar da mafi yawan zuwa yamma. Kazar da aka cika wa ciki da dawa da sassafe sai ta nemi inuwa ta kwanta, alhali sanyin safiya ne lokacin da ƙwari suka fi fitowa. Ki ba su kaɗan da safe, kamar kashi ɗaya cikin uku, su fita da sauran yunwa su yi tono. Sauran ki ba su dab da shigarsu akurki. Haka zai sa su saba dawowa gida da wuri, ki samu damar ƙirga su da lura da wadda ba ta da lafiya, kuma da hunturu kwana da cikakken ciki yana taimaka musu jure sanyi.

Cikin hatsin namu gero ya fi dacewa da kaza: furotin ɗinsa ya fi yawa, yana da ɗan mai, ƙwayarsa ƙarama ce ba ya bukatar niƙa. Tsadarsa ce kawai matsala. Masara ta fi kowanne ƙarfi, kuma ja ko rawaya ta fi fara domin ita ke sa gwaiduwa ta yi ja, tana kuma ba da bitamin A wanda farar masara da farar dawa ba su da shi. A ɓarza ta, musamman ga matasan kaji. Dawa irin kaura da farafara ba su da matsala, suna iya maye gurbin masara. Wadda ake taka-tsantsan da ita ita ce dawa mai duhun launi da bauri a baki in an tauna, irin wadda tsuntsaye ke gudu a gona. Baurin nan sinadarin tanin ne, yana ɗaure furotin ya hana jiki morarsa. In ita ce a hannu, a gauraya da wani hatsin, ko a jiƙa ta a ruwan toka ta kwana a wanke a shanya. Dusar surfe ta gida, ta gero ko ta masara, abinci ce mai kyau, a ɗan dama ta da ruwa yadda iska ba za ta kwashe ba, kuma a ba su iya wadda za su cinye nan take don kada ta yi tsami. Dusar shinkafa ta injin casa kuwa ki duba da kyau, yawanci cike take da ɓuntu, shi kuma ba ya narkewa a cikin kaza, cika ciki kawai yake.

Abin da za ki ƙara wa tsabar don ta zama abinci ba sai kin je shago ba. Gara ita ce ta farko, kuma ana iya tara ta da gangan, kamar yadda masu kiwon zabi ke yi a arewacin Gana da Burkina Faso. A samu tsohuwar tukunyar ƙasa, a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen karan dawa da totuwar masara, a yayyafa ruwa ya ɗan jiƙa ba sharkaf ba. Da yamma a kife ta a inda aka ga hanyar gara, nesa da ɗaki da rumbu, a rufa mata tsohon buhu don rana. Da sassafe kafin rana ta yi zafi a ɗaga a zazzage a gaban kaji. Za ki ga uwa tana kiran 'ya'yanta da wannan ƙaramar muryar, tana ɗauka tana ajiye musu. Irin garar nan masu manyan kai masu cizo dai kada a bari ƙananan 'yan tsaki su yi ta haɗiya.

Bayan gara akwai tunkuzar gyaɗa, mai furotin kusan kashi 45. Ta fi ƙuli-ƙulin kasuwa, domin shi an sa masa gishiri da yaji don mutane, kaza kuwa gishiri mai yawa na sa ta zawo. Waken soya yana da kyau ƙwarai amma ba a ba da shi ɗanye, akwai sinadarin da ke hana narkewar furotin a cikinsa, sai an soya shi sama-sama ko an dafa an shanya sannan a ɓarza. Farin wake ma da ya fashe ko ƙwari suka huda, a dafa a ba su. Ɓurɓushin busasshen kifi da ake sharewa a wurin masu sayar da shi yana da araha, kaɗan ya isa. Ganyen zogale a shanya a inuwa a murtsuke cikin dusa, ko a rataye ɗanyensa su yi ta tsattsaga. In kin auna tsaba kwano uku, ki sa kwano ɗaya na tunkuza ko soyayyen waken soya, to kin fitar da kajin daga yunwar furotin. Ɓawon ƙwan da aka fasa a gida kada a zubar: a gasa shi a kan murhu ya bushe, a daka, a zuba musu. Gasawar tana kashe ƙwayoyin cuta, dakawar kuma tana hana su gane kamannin ƙwai su koyi fasa nasu.

'Yan tsaki su ne suka fi cutuwa da tsaba zalla, kuma a nan ne asarar kajin gida ta fi yawa. Kwana biyu zuwa uku na farko ɗan tsako yana rayuwa ne da sauran gwaiduwar da ke cikinsa, bayan nan yana bukatar furotin kashi 18 zuwa 20, ninki biyu na abin da ke cikin tsakin masara. Wanda aka rena da tsaki kaɗai za ki gan shi fukafukai a saɓule, girma ya tsaya, ƙafa ba ƙwari, wani yatsun ƙafarsa su nannaɗe ciki saboda rashin bitamin. Irinsa ne shirwa ke fara ɗauka, shi cuta ke fara kayarwa. In akwai wurin da ya cancanci ki kashe kuɗi a kiwon kajin Hausa, to mudu biyu ko uku ne na abincin 'yan tsaki na buhu don makonni huɗu zuwa shida na farko. Ki sa shi a ƙarƙashin kifaffen kwando mai ƙofofin da ɗan tsako zai shiga amma babbar kaza ba za ta iya ba, in ba haka ba zakara da manyan kaji ne za su cinye. Kada kuma ki ba su abincin leyas, kalsiyam ɗinsa ya fi ƙarfin ƙodarsu.

Kaza ba ta da haƙori, ƙundunta ne ke niƙa hatsi da taimakon 'yan tsakuwoyin da take haɗiya. Masu yawo suna tsintar nasu. Na keji in za a ba su tsaba ko kaɗan ce, a ajiye musu tsakuwar rafi ƙanana a gwangwani.

Ruwa kuwa kada ya yanke. Kaza tana shan kusan ninki biyu na nauyin abin da ta ci, da bazara fiye da haka nesa, kuma busasshiyar tsaba tana ƙara mata ƙishi. A watannin Maris zuwa Mayu leya tana rage ci saboda zafi, tana haki baki buɗe, hakin kansa yana sa ɓawo ya yi laushi. Tunda ɗan abin da za ta ci ya ragu, bai kamata a ɓata gurbinsa da tsaba ba. A ba su abinci da asuba da kuma bayan la'asar, a sa ruwan a inuwa, a sauya shi in ya ɗumama.

Watsa tsaba a ƙasa al'adarmu ce, kuma tana da amfani tunda ko raunanan kaji suna samu. Amma a riƙa sauya wuri, a zaɓi busasshiyar ƙasa mai tsabta, domin inda ake watsawa kullum nan kashinsu ke taruwa, nan ƙwan tsutsar ciki da cutar zawon jini ke jira, musamman da damina. A ba su iya abin da za su tsince cikin minti 15 zuwa 20. Wanda ya kwana a ƙasa na ɓera ne, wanda ya wuni kuma yana tara kurciyoyi da tattabarun maƙwabta da sauran tsuntsayen daji a kan abincin kajinki, su kuwa suna iya kawo cuta. Murar tsuntsaye da aka fara tabbatarwa a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gona a jihar Kaduna, ta sha dawowa tun daga lokacin. Tunda kina da leyas da kajin yawo a gida ɗaya, kada su haɗa kwano ko mashaya, kuma ki yi wa na yawon rigakafin cutar Nukasil kafin hunturu. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin irin wanda ake ɗigawa a ido, mai jure zafi, wanda aka yi shi don kajin karkara.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon ki guje mata: ware hatsin da ya lalace a ce na kaji ne. Masara ko gyaɗar da ta sha danshi ta yi fumfuna, mai kore-kore ko baƙi-baƙi da warin ruma, tana iya ɗauke da gubar afalatoksin. Wannan gubar an gano ta ne bayan da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗar da aka shigo da ita daga Birazil. Tana lalata hanta, tana rage ƙwai, tana karya garkuwar jiki har rigakafi ya ƙi kamawa, agwagi da 'yan tsaki kuma sun fi saurin mutuwa da ita. Dafawa ko shanyawa ba sa kashe ta, kuma kaɗan daga cikinta na iya bi ta ƙwai da hanta ta dawo tukunyar gida. Hatsin da ƙwari suka ɗan huda amma yana bushe babu wari, wannan ba laifi a ba kaji. Mai fumfuna a binne shi. Haka irin shuka da ya rage, wanda aka shafa wa magani ya yi ja ko ruwan hoda, guba ne, kada ya kusanci kaji ko an wanke. Hatsin da aka adana da ƙwayar maganin rumbu kuma a baza shi ya sha iska sosai, a tabbatar an cire ƙunshin maganin da tokarsa kafin a ɗiba musu.